Suna Ɗaya, Masu Shi Biyu: Rigimar Tambari a Kasuwa, a Kotu da a Daji

Mutanen ƙaramar hukumar Kebbe sun san irin wahalar da harafi ɗaya tak yake jawowa. Kebbe tana kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal, kuma su biyun ne suke tarayya a kan kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Kebbi kuwa jiha ce sukutum, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, da hedkwatarta a Birnin Kebbi. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne ƙasar Kebbe ta yi iyaka da Jihar Kebbi, saboda haka baƙon da ya ga an rubuta "Kebbe, Jihar Sakkwato" yakan ɗauka kuskuren alƙalami ne, har ya nemi ya gyara wa mai gari sunan garinsu. Irin wannan ruɗani ne yake tsakanin Jamhuriyar Nijar da Jihar Neja, waɗanda a rubutun Turanci sunansu ɗaya ne.

Garuruwa ba sa kai juna ƙara a kan suna. Tudun Wada nawa ne a ƙasar Hausa, kuma Sabon Gari nawa? Kowanne yana zaune lafiya a inda yake. Amma da zarar sunan ya hau kan kwali ko kwalba ko allon shago, sai ya zama dukiya, dukiya kuwa ba a rasa mai jayayya a kanta. Akwai kamfanonin da suka shekara talatin suna shari'a a kan kalma ɗaya. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce: me ake karewa a nan, tun da kalma ba ta ƙarewa don mutum biyu sun faɗe ta? Amsar tana cikin kan mai saye. Abin da ya koya game da kaya, ya ɗaura shi a jikin suna, shi ne ake rigima a kansa. Masanin halittu yana da abin cewa a wannan batu, domin tsuntsaye da ƙwari sun riga 'yan kasuwa shiga wannan matsala, kuma mu ma masu raɗa wa halittu suna mun sha rigima irin ta kamfanoni.

Rajista biyu, ofis biyu

Yawancin masu ƙananan sana'o'i suna zaton wanda ya yi rajistar sunan kasuwancinsa ya gama mallakar sunan. Ba haka abin yake ba. A Nijeriya ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda aka kafa a 1990. Aikinta shi ne rajistar sunan kamfani ko na shago, kuma doka ta hana ta karɓar sunan da ya yi daidai da wanda aka riga aka rubuta, ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗa jama'a. Ƙofa ta biyu ita ce ofishin rajistar tambarin kaya, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, wanda yake aiki da dokar tambari ta 1965. Shi ne yake ba mutum ikon amfani shi kaɗai da wata kalma ko wani zane a jikin kayan sayarwa. Rajistar farko tana yin shekara 7, bayan nan ana sabunta ta duk shekara 14. Wani gyaran doka da aka sa wa hannu a 2023 ya fito fili ya shigar da ayyukan hidima, irin su sufuri da banki, cikin abin da tambari yake iya karewa. A tsallaken iyaka kuwa, ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙonni yana bi ta ƙungiyar OAPI ne, mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take aiki a duk ƙasashen ƙungiyar. Nijeriya ba ta ciki, saboda haka takardar Abuja ba ta kare kowa a Maraɗi.

Ba a ba mutum kalma a kan komai da komai. Tun daga yarjejeniyar birnin Nis na Faransa ta 1957 aka kasa kayan ciniki aji aji, kuma a yau azuzuwan 45 ne: 34 na kaya, 11 na hidima. Takin zamani yana aji na 1, magunguna da maganin ƙwari suna na 5, motoci na 12, fata da kayan fata na 18, shinkafa da burodi da alewa na 30, iri da dabbobi masu rai na 31. Wannan ne dalilin da ya sa sabulun Delta da ake sayarwa a kasuwanninmu bai taɓa zama barazana ga kamfanin jiragen sama na Amurka mai suna Delta ba. Babu mai zuwa sayen sabulu ya dawo da tikitin jirgi.

Dokar ta kuma yi wa masu son kai iyaka. Sunan gari, a ma'anarsa ta yau da kullum, ba ya shiga rajista cikin sauƙi, domin duk mai noma a Kebbe yana da haƙƙin ya ce shinkafarsa ta Kebbe ce. Wanda yake amfani da sunansa na yanka da zuciya ɗaya ba a hana shi. Haka kuma wanda ya daɗe yana ciniki da wani tambari kafin wani ya je ya yi rajistarsa, dokar ta bar masa abinsa.

Sojan gona a gaban alƙali

To, idan mutum bai yi rajistar tambari ba fa? Nan ma akwai mafaka, ita ce ƙarar da za mu iya kira ta sojan gona: wani ya fito da kayansa a cikin rigar kayanka don masu saye su ɗauka naka ne. Shari'ar da ɗaliban lauya a ƙasar nan suke fara karantawa a wannan babi ta suna ce tsantsa. A 1961 wani kamfanin sayar da magunguna mai suna Niger Chemists, wanda yake da rassa a Onica da wasu garuruwan Gabas, ya kai ƙarar wasu da suka buɗe irin sana'arsa da sunan Nigeria Chemists, kuma a kan titi ɗaya da shi a Onica. Kotu ta hana su amfani da sunan. Abin lura shi ne mai ƙara ba ya bukatar ya nuna cewa an yi niyyar yaudara. Ya isa ya nuna cewa mutum mai hankali daidai gwargwado zai iya ruɗewa.

A 1968 Kotun Ƙoli ta duba wasu sunayen magani biyu, Castoria wanda yake da rajista, da Casorina wanda ake neman yi wa rajista, ta ƙi amincewa da na biyun, bisa hujjar cewa ba ido kaɗai ake dubawa ba, har da kunne. Wannan hukunci ya dace da kasuwarmu ƙwarai. Mutum nawa ne suke karanta kwali kafin su biya? Yawanci aike ne: an faɗa wa yaro suna a gida, ya riƙe shi a baki har kanti, ya faɗa cikin hayaniya.

A Kano ma an yi. A 1972 babbar kotun jihar ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Trebor, mai yin minti, da kamfanin Associated Industries, wanda ya fito da nasa mintin cikin takardar naɗi mai kama da ta Trebor. Sunayen ba ɗaya ba ne, amma kotu ta ga an kwaikwayi kamannin kayan har mai saye zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan, ta ba Trebor gaskiya. Kada mai karatu ya ɗauka babban kamfani ne kullum yake cin nasara. A 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar kamfanin Ferodo na Ingila, mai yin takalmin birki, a kan kamfanin Ibeto na Nnewi, wanda yake sayar da nasa da sunan Union. Ferodo ya yi kukan cewa an kwaikwayi launukan kwalinsa. Kotu ta ce abin da ya mallaka shi ne kalmar Ferodo, launin ja da baƙi da fari kuwa ba na mutum ɗaya ba ne.

A ganina shari'ar Kano ta fi sauran kusa da yadda Bahaushe yake sayayya. Mu da hoto da launi muke kiran kaya: mai zakara, mai giwa, mai jan kwali. Lauyan da ya tsaya a kan haruffa kawai bai shiga kasuwar ƙauye ba.

Darasi daga jikin tumfafiya

Don gane dalilin da ya sa kwaikwayo yake cutar da mai asali, bari mu bar kotu mu fita bayan gari. Duk inda ƙasa ta gaji a yankin Sakkwato za ka ga tumfafiya, Calotropis procera a sunan kimiyya. Farin ruwan da yake fita daga jikinta yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, shi ya sa dabbobi ba su cika kula ta ba. Amma akwai wani malam-buɗe-littafi, Danaus chrysippus, wanda yake saka ƙwansa a ganyenta. Tsutsarsa tana cin ganyen, gubar ba ta kashe ta, tana ma tara ta a jikinta har ta rikiɗe ta yi fiffike. Launinsa ruwan goro ne, da baƙi a ƙarshen fiffike da ɗigon fari. Yana tashi a hankali, a fili, kamar mai nuna kansa.

Nuna kansa yake yi kuwa. Tsuntsun da ya taɓa cin irinsa ya ji ɗaci ko ya yi amai, ba ya sake kusantar wannan launi. Wani masani Ba'amurke, Lincoln Brower, ya tabbatar da haka a shekarun 1960 da gwajin da ya yi da tsuntsaye da wani ɗan uwan wannan ƙwaro na Amurka. Ke nan launin fiffike tambari ne, kuma darajarsa tana cikin abin da tsuntsu ya koya.

Sai ga wani malam-buɗe-littafin dabam, Hypolimnas misippus. Namijinsa baƙi ne mai manyan fararen tabo, ba ya kama da kowa. Amma macen ta ɗauko launin na tumfafiya kusan sak, alhali ba ta ci tumfafiya ba, ba ta biya kuɗin gubar ba. Tsuntsu ya gan ta ya kauce. Masanin Ingila Henry Walter Bates ne ya fara bayyana irin wannan kwaikwayo a 1862, bayan shekarun da ya yi a dazuzzukan Amazon, kuma har yau da sunansa ake kiran sa.

Ga inda lissafin yake. Muddin masu kwaikwayo kaɗan ne, dabarar tana ci. Idan suka yi yawa, ɗan tsuntsun da yake koyon farauta zai fi yawan cin karo da mai daɗi, sai ya koyi cewa wannan launi abinci ne. Daga nan mai gubar ma ya shiga uku, domin sai an cije shi kafin a gane. Haka yake a kasuwa, sai dai a juye: mai asali ya tara yarda, jabu yana ci daga cikinta, kuma duk wanda ya sayi jabu ya ji ba daɗi, mai asali zai zaga. Abin da kotu take kira asarar kyakkyawan suna, shi ne masanin halittu yake aunawa da yawan fiffiken da tsuntsaye suka yaga.

Merck biyu a ƙauye ɗaya

Duk misalan da suka gabata akwai wanda ya riga da wanda ya biyo baya. Rigimar da ta fi wuyar warwarewa ita ce wadda kowane ɓangare ya gaji sunan ta halal. Mafi shahara a duniyar kimiyya ita ce ta Merck, kuma ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

A 1668 wani mai haɗa magani, Friedrich Jacob Merck, ya mallaki wani kantin magani a garin Darmstadt na Jamus. Zuriyarsa suka riƙe sana'ar, har a 1827 Emanuel Merck ya fara tace sinadaran tsirrai da yawa don sayarwa. A 1891 wani ɗan gidan, George Merck, ya kafa reshe a birnin New York. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, gwamnatinta ta ƙwace reshen a matsayin dukiyar abokan gaba. A 1919 George Merck ya saye shi, amma a matsayin kamfanin Amurka mai cin gashin kansa. Tun daga ranar duniya take da Merck biyu, masu yin sana'a iri ɗaya, a aji ɗaya, kuma babu wanda za a ce ya saci sunan.

Maganin da suka samo shi ne rabon ƙasa. Bisa yarjejeniyar 1955, wadda aka sabunta a 1970, na Amurka yana amsa sunan Merck a Amurka da Kanada, a sauran duniya kuwa ana kiran sa MSD. Na Jamus yana da sunan Merck a ko'ina ban da waɗancan ƙasashe biyu, inda yake amfani da haruffan EMD. Wannan ya yi aiki muddin kwali yana tsayawa a kan iyaka a duba shi. Intanet kuwa ba ta san kwastan ba. Shafin da aka buɗe a New Jersey da sunan Merck ana ganin sa a Landan da Legas. Kamfanin Jamus ya kai ƙara a ƙasashe da dama, kuma a 2016 babbar kotun Ingila ta yanke cewa na Amurka ya saɓa yarjejeniyar ta hanyar amfani da sunan Merck shi kaɗai ga mutanen Birtaniya. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake zama, hukuncin 2020 ya sake goyon bayan na Jamus.

Me ya haɗa wannan da ɗalibin Kebbe ko Tambuwal? Ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta don yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi yake kawowa, da kuma tundurmi, kyautar Merck na Amurka ce, wanda ya fara bayar da ita a 1987. Sinadarin cikinta shi ne ivermectin, wanda William Campbell da Satoshi Omura suka sami lambar Nobel ta 2015 saboda gano tushensa. Ƙwayar praziquantel kuma, ta maganin tsargiya, wadda ake ba yara a makarantu, Merck na Jamus yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta a shekarun 1970, kuma tun 2007 yake bayar da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Yaro ɗaya yana iya shan duka biyun a shekara ɗaya. Idan malamin lafiya ya rubuta rahoto ya ce maganin "na Merck ne", bai faɗi komai ba tukuna.

Irin wannan rabo ya sha rushewa a wasu wuraren. Mawaƙan Beatles na Ingila sun kafa kamfanin Apple Corps a 1968, masu kwamfutar Apple suka zo a 1976. A 1981 suka daidaita cewa wannan ya tsaya a kiɗa, wancan a kwamfuta. Sai kwamfuta ta koyi kiɗa. Aka koma kotu, aka sake sulhu a 1991 da biyan kimanin dala miliyan 26 da rabi, aka kuma komawa a 2003 saboda kantin waƙoƙi na iTunes. Ba a huta ba sai 2007, lokacin da mai kwamfuta ya mallaki tambarin gaba ɗaya, ya ba mawaƙan izinin ci gaba da amfani da nasu. Ita kuwa ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, wadda aka kafa a 1961, da kamfanin 'yan kokawar talabijin na Amurka ta kara, domin shi ma waɗannan haruffa uku yake amfani da su. Sun yi yarjejeniya a 1994, kotun Landan ta sami 'yan kokawa da saɓa ta a 2001, kuma a 2002 suka koma WWE. Wannan karon dai masu kare dabbobi ne suka yi kaye.

Yadda masana halittu suke raba gardama

Mu ma muna da kundin rajista, kuma dalilin kafa shi bai bambanta da na 'yan kasuwa ba. Itace ɗaya ne ake kira dogon yaro a Sakkwato, darbejiya a Kano, bedi ko maina a wasu wuraren. A ɗaya gefen kuma, gwanda da gwandar daji ba dangin juna ba ne, haka goro da namijin goro. Wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya buga a 1916, yana haɗa kowanne da sunansa na kimiyya, saboda sunan gida shi kaɗai ba ya isa a san wane ganye ake nufi. Tsarin da ake bi ya samo asali daga Carl Linnaeus na Suwidin: kowace halitta suna biyu, na dangi da na jinsi. Lissafin sunayen tsirrai yana farawa daga littafinsa na 1753, na dabbobi daga na 1758.

Ƙa'ida ta farko ita ce wanda ya riga shi ne mai suna. A 1799 George Shaw ya raɗa wa wata dabbar Ostareliya mai baki irin na agwagwa suna Platypus. Ashe tun 1793 an ba wani ƙwaro mai huda itace wannan suna. Dole dabbar ta sauka, ta koma Ornithorhynchus, ƙwaron ya riƙe abinsa har yau, duk da cewa dabbar ta fi shi shahara nesa ba kusa ba. Ƙa'ida ta biyu ita ce ta azuzuwa. Kundin tsirrai dabam, na dabbobi dabam, saboda haka Ficus sunan dangin ɓaure da cediya da durumi da gamji ne, kuma sunan wani dodon koɗi ne na teku. Babu mai ruɗewa, kamar dai sabulu da jirgin sama. Ƙa'ida ta uku babu irinta a kasuwa: kowane suna yana ɗaure da samfur guda da aka adana a ma'ajiyar busassun tsirrai ko gidan tarihi. In gardama ta tashi, sai a buɗe akwati a duba.

Da haka sai a zaci ba ma faɗa. Muna yi, kuma babban faɗan da aka yi a wannan ƙarni a kan bagaruwa ne. Sunan Acacia tsoho ne, tun Girkawan da suke kiran bagaruwar bakin kogin Nilu da shi, kuma Philip Miller ya shigar da shi kundin kimiyya a 1754. Bagaruwarmu, wadda majema suke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da 'ya'yanta, ita ce samfurin da sunan yake ɗaure da shi. Daga baya aka cusa itatuwa fiye da 1,300 a cikin dangin, kusan 1,000 daga cikinsu na Ostareliya. Da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba, sai tambaya ta taso: wa zai tafi da sunan? Bisa ƙa'idar wanda ya riga, na Afirka ne. Amma a 2003 masanan Ostareliya biyu, Orchard da Maslin, suka nemi a ɗauke sunan a ɗaura shi a kan wani itacen ƙasarsu, da hujjar cewa sauya wa itatuwa dubu suna ya fi ruɗa jama'a a kan sauya wa 'yan ɗaruruwa. Babban taron masana tsirrai na Biyana ya amince a 2005, masana da yawa daga Afirka da wasu wurare suka yi tir da yadda aka yi ƙuri'ar, taron Melbourne na 2011 ya tabbatar da hukuncin.

Saboda haka bagaruwa yanzu Vachellia nilotica ce, dakwara mai ba da ƙaro kuma Senegalia senegal. Gawo dama ya daɗe da fita, yana amsa Faidherbia albida. Malamin da yake koyarwa da tsohon littafi ya kamata ya rubuta wa ɗalibai sunayen biyu a allo, domin za su gamu da kowanne. Ni dai har yanzu ina ganin an yi wa Afirka ƙwace. Amma duba hujjar da ta ci: ba a tambayi wa ya riga ba, an tambayi mutum nawa ne za su ruɗe. Ita ce tambayar da alƙalin Onica ya yi a 1961.

Abin da ya rage wa mai saye da mai shago

A fagen magani ruɗanin suna yana iya kai mutum kabari. A Amurka an sayar da maganin gyambon ciki da sunan Losec, sai aka riƙa rikita shi a rubutun likitoci da Lasix, wanda yake sa fitsari don rage ruwa a jiki. A 1990 aka sauya wa na farkon suna zuwa Prilosec a can. Don kauce wa irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya take ba kowane sinadarin magani suna guda na kowa da kowa, wanda ba a yarda wani kamfani ya mallaka ba, kuma jerin farko ya fito a 1953. Shi ne Linnaeus na kantin magani. Panadol tambari ne, paracetamol shi ne sunan sinadarin, kuma yana cikin magungunan mura da na ciwon jiki masu sunaye barkatai. Wanda ya haɗa uku daga cikinsu yana zaton magani uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka, kuma hanta ce take biya. Ɗalibin sakandare da ya iya karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna, ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ya riga ya zama mai amfani ga gidansu. Haka yake ga maganin feshi na gona, inda galan biyu masu suna dabam suke iya ɗauke da guba ɗaya.

Shi kuma mai shirin buɗe gidan burodi ko injin casar shinkafa ko sana'ar ruwan leda a Tambuwal, sunaye irin su Alheri da Nasara da Rahama suna da daɗin ji da albarka, amma kusan kowane titi yana da nasa, saboda haka kare su a gaban kotu yana da wuya. Sunan da mutum ya ƙirƙira ya fi ƙarfi. Kafin a buga leda dubu goma, a sa lauya ko wakili ya bincika a ofisoshin nan biyu, a kuma adana rasit da takardun da suke nuna ranar da aka fara ciniki da sunan, domin su ne shaida idan wani ya zo daga baya da takardar rajista. Shari'ar tambarin da aka yi wa rajista a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma tana da zama a Sakkwato.

Akwai kuma hatsarin da yake zuwa daga farin jini. A bakinmu duk garin sabulu omo ne, duk dunƙulen miya magi ne, duk man goge baki makilin ne, ko wane kamfani ya yi shi. Kamfanoni suna tsoron wannan, domin idan suna ya zama na kowa, kotu tana iya cewa ya daina nuna mai shi. Haka ya faru da Aspirin na kamfanin Bayer, wanda wata kotun Amurka ta yanke a 1921 cewa a wurin masu saye ya zama sunan maganin kawai. A Jamus da Kanada kuwa har yanzu tambarin Bayer ne.